Zaɓen Kayan Kwamfuta Domin Aikin Zane Mai Jiki

Jama'a, kowa a cikinmu ya san zanen da a ke yi a allo ko a takarda. Shi wannan zane tsawo da faɗi kaɗai gare shi. In malami ya zana tukunya a allo, yara ba su da ikon zagayawa su ga bayanta. Amma akwai wani irin zane da a ke yi cikin kwamfuta, mai tsawo da faɗi da kauri duka uku, har mutum ya iya juya abin da ya zana, ya duba gindinsa, ya leƙa cikinsa, ya haska masa fitila ya ga inda inuwa za ta faɗi. Masu sana'ar suna ce masa 3D, mu kuwa a nan bari mu kira shi zane mai jiki. Da shi masu zanen gidaje su ke nuna gida tun ba a haƙa harsashi ba, da shi injiniyoyi su ke gwada ƙarfen mota tun ba a kunna wutar maƙera ba, da shi kuma a ke yin yawancin katun ɗin nan da yara su ke so.

Zane cikin kwamfuta ya daɗe. Cikin shekara ta 1963 wani ɗalibi a Amurka, Ivan Sutherland, na makarantar MIT, ya nuna mutum zai iya yin zane a fuskar kwamfuta da wani alƙalami mai haske. Ya sa wa aikinsa suna Sketchpad, kwamfutar da ya yi aikin da ita kuwa ta cika ɗaki guda. Yau ga shi ɗalibi zai iya haɗa wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ya ajiye ta ƙarƙashin tebur. Na ce ya haɗa, gama kwamfuta ta tebur ba abu guda ba ce. Sassa ne a ke saye dabam dabam, kowane da aikinsa, a ɗaura su cikin akwati ɗaya. A nan ne kuɗi ya kan salwanta, domin mutum ya kan je kasuwa ya nemi mai lamba mafi girma, ya dawo da kwamfuta mai tsada wadda ba ta dace da aikinsa ba. In kuɗin makaranta ne aka kashe kuwa, ba za a sāke ba da wani ba sai bayan shekaru.

Saboda haka kada a fara da kasuwa. A fara da tambaya: wace manhaja za a yi aiki da ita, wane irin abu kuma za a zana? Wanda zai koyar da zanen injuna watakila SolidWorks zai nema, wadda ta fito cikin 1995, ita kuwa kan Windows kaɗai ta ke aiki. Mai zanen gidaje ya kan yi da AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar tun 1982, ko kuwa Revit, ko SketchUp. Wanda ya ke son siffofin mutane da dabbobi da majigi ya kan nemi Blender, ko Maya. Cikinsu duka Blender ce za mu fi ambata, domin kyauta ce, makaranta ba za ta biya ko kwabo ba. Wani mutumin Holan, Ton Roosendaal, shi ya ƙago ta. Da kamfaninsa ya durƙushe, sai masu amfani da ita suka yi karo-karo cikin 2002, suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai, suka fanshe ta, aka sake ta ga kowa da kowa. Kowace manhaja masu ita su kan rubuta irin kwamfutar da ta ke bukata. Ga misali, cikin 2024 masu Blender sun ce mafi ƙanƙanta ita ce mai RAM gigabait 8 da katin hoto mai gigabait 2, amma wadda su ke ba da shawara a nema ita ce mai RAM gigabait 32 da kati mai gigabait 8. Mene ne RAM, mene ne katin hoto, za mu zo kansu. Abin lura a nan shi ne, lamba ta fari ta buɗe manhaja ce kawai, ta biyu ita ce ta aiki.

To, aikin zane mai jiki iri biyu ne, wanda ya gane bambancinsu ya gama rabin zaɓe. Na fari shi ne ƙira, watau sa'ad da mutum ya ke zaune yana ja, yana yanka, yana huda, yana lanƙwasa, har siffa ta fito. Na biyu shi ne sa'ad da ya gama, ya jera fitilu, ya ce wa kwamfuta ta fitar da hoto kamar wanda aka ɗauka da kyamara. Masu sana'ar suna ce wa wannan rendarin, amma ni na fi so mu ce wankin hoto, gama ya yi kama da abin da masu hoto na dā su ke yi cikin ɗaki mai duhu: an riga an ɗauka, saura a jira ya fito.

Ƙira kamar ginin katanga ta ke. Ba a aza layi na biyar sai na huɗu ya zauna. In injiniya ya zana ƙarfe, ya huda rami a jikinsa, ya yi wa ramin zare, sa'an nan ya koma ya sāke kaurin ƙarfen, tilas kwamfuta ta sāke lissafi daga farko bi da bi: ƙarfe tukuna, sa'an nan rami, sa'an nan zare. Ko an tara magina ashirin, sha tara za su tsaya kallo. Abin da a ke so a nan shi ne magini ɗaya mai saurin hannu.

Wankin hoto kuwa kamar gayya ya ke. Gona ce babba, a raba ta kunya kunya, kowa ya kama tasa, ba mai jiran wani. Hoton da ya cika fuskar kwamfuta ta yau da kullum yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600. Domin ta san launin kowane ɗigo, kwamfuta ta kan harba tsirkiyar haske ta cikinsa, ta bi ta ta ga abin da ta buga, da inda ta karkata, har ta kai ga fitila. Sau ɗaya bai isa ba, hoton zai fito da tsaki-tsaki. In an yi sau 500 ga kowane ɗigo, ku yi lissafi da kanku, za ku ga ya haura miliyan dubu, hoto ɗaya ke nan. Majigi kuwa hoto 24 ya ke ci kowace daƙiƙa, watau 1,440 cikin minti ɗaya. In kowane hoto ya ɗauki minti biyu, majigin minti ɗaya zai ci sa'a 48, kwana biyu cur kwamfuta tana kunne. A nan yawan hannuwa shi ne magani.

Yanzu sai mu dubi sassan. Na fari shi ne furosesa, wanda a ke kira ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ga kwamfutar da mutum zai haɗa da kansa, kamfani biyu ne su ke yinsa, Intel da AMD. Cikin kowane furosesa akwai ƙwayoyi, kowace ƙwaya ma'aikaci guda ce. Ryzen 5 7600 na AMD ƙwaya 6 gare shi, Ryzen 9 7950X ƙwaya 16, akwai kuma wani babba, Threadripper, wanda aka fitar cikin 2023 da ƙwaya har 96. Mai sayarwa zai nuna maka mai ƙwaya da yawa, amma ka tuna da katanga. In ƙira ce yawancin aikinka, ƙwaya 6 ko 8 masu sauri sun fi maka 32 masu nawa, ga kuma rangwamen kuɗi. Abu biyu su kan ruɗi mai saye. Ɗaya, tun 2021 Intel ta ke gauraya manyan ƙwayoyi da ƙanana cikin furosesa guda: Core i5-13400 an rubuta masa ƙwaya 10, amma 6 ne manya, 4 ƙanana ne na ƙananan ayyuka. Na biyu, lambar sauri da a ke rubutawa da GHz ba ta gwada tsoho da sabo. Furosesa na shekara goma da suka wuce mai 4 GHz ba ya kama ƙafar na yanzu mai 4 GHz, gama sabon ya kan gama aiki mai yawa cikin kowane bugu. A gwada su cikin 'yan zamani ɗaya kaɗai.

Sashi na biyu shi ne katin hoto, a kansa kuwa zan daɗe, domin shi ya kan ci kashi mafi girma na kuɗin, shi ne kuma inda a ka fi yin kuskure. Asalinsa domin 'yan wasan kwamfuta aka yi shi. Kamfanin Nvidia ya fitar da GeForce 256 cikin 1999, ya yi tallarsa da sunan GPU. Daga baya aka lura abin nan da a ke wasa da shi gwanin lissafi ne, sai cikin 2007 kamfanin ya saki wata hanya mai suna CUDA, wadda ta ba masu manhaja damar ɗora masa kowane irin lissafi. Mu da mu ke koyon malanta za mu gane bambancin da sauƙi. Furosesa kamar malamai ne shida ko takwas, kowannensu zai iya warware tambaya mai wuya. Katin hoto kuwa kamar 'yan aji uku ne dubu uku, ba wanda ya san abin da ya wuce tarawa da ɗebewa, amma in ka raba musu ƙananan lissafi miliyan ɗaya, za su gama tun malaman ba su kai rabin rabi ba. Dubu ukun nan ba ƙari na yi ba: katin RTX 3060 ƙananan ƙwayoyi 3,584 gare shi, RTX 4090 kuwa 16,384. Tun 2018 ma Nvidia ta ƙara wasu ƙwayoyi na musamman waɗanda ba su da aiki sai bin tsirkiyar haske. Don haka a yau mafi yawan masu wanke hoto a gida da kati su ke yi. AMD da Intel su ma suna yin katuna, Blender kuwa tana aiki da su duka, amma akwai manhajojin wankin hoto da aka gina kan CUDA waɗanda ba su karɓar kowane kati sai na Nvidia. Ga wani dalili kuma na duba manhaja kafin a je kasuwa.

Amma saurin kati ba shi ne abin dubawa na fari ba. Kowane kati yana da nasa ma'ajin a jikinsa, a ke ce masa VRAM, kafin ya fara wanke hoto kuwa sai an ɗora masa dukan abin da ke cikin zanen: siffofi, da fitilu, da fatun da aka lulluɓe siffofin da su. Fata a nan hoto ne na itace, ko bulo, ko yadi, wanda a ke shimfiɗawa a jikin siffa domin ta yi kama da gaske. Fata ɗaya mai ɗigo 4,096 kowane gefe, in kowane ɗigo ya ci bait 4, za ta cinye megabait 64. Abu guda kuwa ya kan bukaci fata uku ko huɗu: ta launi, ta santsi, ta kaushi. Fata ɗari, gigabait 6 ya tafi da ɗoriya, ba a ko ƙidaya siffofin ba tukuna. Su ma siffofin haihuwa su ke yi. Akwati mai fuska 6, in an ce wa Blender ta gyara shi ya yi sumul, sai ta raba kowace fuska huɗu: 24, sa'an nan 96, sa'an nan 384. In an yi haka sau goma an sami fuska 6,291,456 daga akwati ɗaya tak. (Malaman lissafi, ga misali mai kyau na nuna wa yara abin da ninki ya ke yi.)

In kati mai nawa ne, amma zanen ya shiga ma'ajinsa, haƙuri kawai za a yi, hoto zai fito ko da asuba. In kuwa zanen ya fi ƙarfin ma'ajin, ko dai manhaja ta ari wuri daga RAM aikin ya koma tafiyar hawainiya, ko kuwa ta tsaya cik ta ce wuri ya ƙare. Ba a kuwa ƙara wa kati ma'aji, yadda aka saye shi haka zai tsufa. Ku dubi wannan: RTX 3060 na 2021 ya fito da gigabait 12, RTX 4060 na 2023, wanda ya gaje shi, ya fi shi sauri, ya fi shi ƙarancin cin wuta, amma gigabait 8 kaɗai gare shi. Ɗan wasa zai zaɓi sabon. Mai zanen gida da lambu da itatuwa ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Ni dai a ganina gigabait 8 ya isa ɗalibi mai koyo, 12 ko 16 shi ne na wanda zai ci abinci da sana'ar, 24 na RTX 4090 da 32 na RTX 5090 kuwa sai wanda aikinsa ya riga ya fara biyansa. Shi RTX 5090 da aka fitar cikin Janairu 2025, dala 1,999 kamfanin ya sa masa, kati kaɗai.

Akwai kuma wasu katuna na ma'aikata, waɗanda a dā Nvidia ta ke kira Quadro. Sun fi tsada ƙwarai, ba domin sun fi sauri ba, sai domin kamfanonin manhaja irin su SolidWorks sun gwada su sun sa hannu, in an sami matsala za su saurare ka. Ofishin injiniyoyi yana da dalilin sayensu. Ɗakin koyon zane na kwaleji bai da shi.

Kada kuma tsadar nan ta karya wa kowa zuciya. Cikin 1995 kamfanin Pixar ya fitar da Toy Story, dogon majigi na fari da aka yi dukansa da kwamfuta, sai da aka jera kwamfuta 117 na kamfanin Sun suna wanke hotunansa dare da rana. Cikin Maris 2025 kuwa wani majigi daga ƙasar Latbiya mai suna Flow, labarin wata kyanwa cikin ambaliya, ya ci kyautar Oscar ta majigin katun. Gints Zilbalodis da 'yan mutanensa kaɗan suka yi shi da Blender, suka kuma wanke shi da EEVEE, watau hanyar wanki mai sauƙi da ke cikin Blender, wadda ba ta bin kowace tsirkiya yadda mu ka kwatanta, dabaru ta ke yi ta fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi. Ɗalibin da ya iya EEVEE zai yi aiki mai kyau da kati matsakaici.

RAM shi ne teburin aikin furosesa. Abin da ke kan tebur hannu na kaiwa nan take, abin da bai sami wuri ba sai an tashi an je kabad. Gigabait 16 zai yi a fara, 32 shi ne daidai, 64 sai mai kwaikwayon ruwa da hayaƙi ko mai zanen gari guda. A sayi sanda biyu masu kama ɗaya maimakon guda babba, gama furosesa ya kan ɗebo daga biyun a lokaci ɗaya. Nan ne wurin da za a iya tsuke hannu, domin shi RAM a kan ƙara shi daga baya, in dai an bar masa gurbi. Farashinsa ma ba ya zama wuri ɗaya: a ƙarshen 2025 ya yi tashin gwauron zabo, sa'ad da manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi ta kwashe shi.

Kabad ɗin kuwa shi ne ma'ajin dindindin. A sayi SSD irin NVMe mai terabait 1 domin manhaja da aikin da a ke ciki. Ya kan karanta megabait 3,500 zuwa 7,000 cikin daƙiƙa, tsohon faifai mai juyawa kuwa da ƙyar ya ke wuce 200. Faifan yana da amfaninsa har yanzu, wajen ajiye kwafin ayyukan da aka gama. SSD ba ya ƙara saurin wankin hoto, buɗewa da ajiyewa kaɗai ya ke gaggautawa.

Madabod shi ne farantin da a ke dasa sauran duka a kai. Ba ya ƙara sauri, don haka ba a zuba masa kuɗi, amma shi ne mai raba aure. Kowane furosesa da irin gurbinsa. Na AMD akwai AM4 na 2016 da AM5 na 2022, na Intel akwai LGA1700 na 2021 da LGA1851 na 2024, ba kuwa wanda ya ke shiga gurbin wani. Haka RAM: DDR4 da DDR5 tsawonsu ɗaya, amma tsagar da ke gindinsu ba wuri ɗaya ta ke ba, wanda ya danna da ƙarfi ya karya. AM4 DDR4 ya ke ci, AM5 DDR5 kaɗai, LGA1700 kuwa ya dangana ga farantin da aka saya. A nemi mai gurbin RAM huɗu. A tafi kasuwa da rula kuma, gama manyan katuna su kan wuce santimita 30, ba kowane akwati ne zai rufu a kansu ba.

Saura maganar wuta, wadda masu ba da shawara daga Turai da Amurka ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa ita ce gaba da kome. Cikin akwatin kwamfuta akwai mai rarraba wuta, shi ya ke karɓar bolt 230 na bango ya mai da shi 12 da 5 da 3.3 yadda sassan su ke so. In ya lalace ya kan tafi da wasu, don haka ba a sayen marar suna. A duba hatimin 80 Plus a jikinsa, ma'anarsa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja yana isa ga sassan, sauran ne ya ke zama zafi. Girmansa kuwa lissafi ne. RTX 4060 wat 115 ya ke ci, Ryzen 5 7600 bai kai 90 ba, a ƙara na sauran kaya, duka ba su kai wat 300 ba, mai rarraba wuta na wat 550 ya isa har da saura. RTX 4090 shi kaɗai wat 450, RTX 5090 wat 575, Nvidia kuwa ta ce a nema masa mai wat 1,000. Wannan ya kusa ƙarfen guga da aka bari a kunne kwana biyu. Wanda ya sayi irin wannan kati ya sayi babban janareta ke nan, ko babbar inbata da batura, da man da za a sha. Sau da yawa kati matsakaici wanda hasken rana da batir za su iya riƙewa dare farai ya fi babba wanda ba ya aiki sai an kawo wuta.

UPS tilas ne, sitabilaiza ma haka in wutar unguwa mai hawa da sauka ce. A lura, lambar da ke jikin UPS ba wat ba ce, VA ce, mai 650 VA kuwa bai kai wat 400 ba. Aikinsa shi ne ya ba ka 'yan mintoci ka ajiye aiki, ko a tada janareta. Dabarar da ta fi kowace na'ura ita ce, in za a wanke majigi kada a ce ya fito bidiyo guda kai tsaye. A sa kowane hoto ya fita dabam da lambarsa. In an ɗauke wuta a hoto na 900, gobe sai a ci gaba daga 901, a ƙarshe a ɗinke su. Wani zai ce, to, me ya hana a sayi laftof, tun da ya ke tana da batir? Gaskiya ne, ga mai yawo kuwa ita ce daidai. Sai dai ba a sāke mata kati, zafi kuma ya kan rage mata ƙarfi, sunayen ma su kan ruɗa: RTX 4090 na laftof gigabait 16 gare shi, ba 24 ba, ƙarfinsa kuma bai kai na tebur ba.

Zafi da ƙura su ma abokan gāba ne. Furosesa in ya kai iyakarsa, wajen digiri 95 ga Ryzen na zamanin AM5, da kansa ya ke rage gudu kada ya ƙone, sai ka ga ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. A nemi akwati mai raga a gaba, fanka biyu suna shigo da iska, ɗaya tana fitarwa ta baya. Masu gilashi ta ko'ina da fitilu masu launi kyan gani ne kawai. Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa, lokacin hunturu kuma a riƙa cire ragar ana kakkaɓewa kowane mako biyu. Har wa yau cikin hunturu, da ya ke iska ta bushe, jikin mutum ya kan tara 'yar wutar nan da ke tartsatsi in an taɓa ƙarfe. Ita kaɗai ta isa ta kashe RAM. Mai haɗawa ya taɓa ƙarfen akwati tukuna, ya kuma riƙe kowane sashi ta gefensa.

Fuskar kallo a nemi irin IPS mai inci 24 ko 27, domin launinta ba ya sākewa in an kalla ta gefe. Linzami lalle ya zama mai maɓalli uku, gama da na tsakiya a ke juya siffa cikin Blender. Kibod kuma mai lambobi a hannun dama, domin da su a ke sauya wajen kallo: 1 gaba, 3 gefe, 7 sama.

Mafi yawanmu kayan hannu za mu saya, ko a Computer Village ta Ikeja ko a kasuwar garinmu, ba kuwa abin kunya ba ne. Furosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, ana iya sayen tsofaffi. Mai rarraba wuta da SSD gara sababbi. Kati kuwa sai an yi hankali, gama cikin 2021 masu haƙar kuɗin intanet sun saye katuna da yawa suna gudu da su dare da rana, da Ethereum ta daina wannan hanya cikin Satumba 2022 sai aka zubo su kasuwa. Tsohon furosesa ma yana da tarko: Microsoft ta daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa, in ban da 'yan kaɗan, ba ta yarda da na Intel da ya girmi zubi na takwas, ko Ryzen da ya girmi 2000. Wanda ya riga ya mallaki irin wannan zai iya sa mata Linux, Blender da FreeCAD duka suna aiki a kai, sai dai ban da SolidWorks.

In za a sayi tsohon kati, a tafi da Blender cikin filashi tare da zane guda mai nauyi. A roƙi mai kanti ya dasa katin, a sa shi wanki na minti ashirin a gabansa, ana duban zafinsa, ana sauraron fankarsa. In ɗigo masu launi suka bayyana a fuskar kallo, ko ta yi baƙi ta dawo, ko kwamfuta ta mutu da kanta, a mayar masa da kayansa tun ba a ƙirga kuɗi ba. In ya wuce wannan, a sa ya rubuta lambar jikin katin a kan rasit, da yawan kwanakin da ya yarda a dawo da shi.